Gwiwar Nisrin

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Minti na ashirin da uku. Babu wanda ya taɓa ta. Na mayar da bidiyon baya har wayar ta yi zafi a hannuna, babu wanda ya taɓa ta. Ta tare ƙwallo da ƙirji, ta kafa ƙafar hagu za ta juya, gwiwar ta lotsa ciki, sai ga Nisrin a ƙasa. 'Yar bayan da ke tsaron ta har ɗaga hannuwa ta yi, a shaida ba ita ba ce.

A falo muka kalli wasan jiya da yamma, ni da 'yata Bilqis. Tana sanye da rigar nan mai lamba tara da Nisrin ta ba ta bara. Ta ce, "Umma, za ta tashi ko?" Na ce za ta tashi. Shekara goma sha takwas ina aikin gashin ƙashi da jijiya, shida daga ciki a kulob ɗin mata na nan Doha, ina bin 'yan ƙwallo da ƙanƙara da bandeji. Na san faɗuwar da ake tashi a karkaɗe wando, na san wadda sai an shigo da gadon ɗauka.

Ƙasar su Nisrin ta ci wasan. Yarinyar da aka sako a madadinta, 'yar shekara goma sha tara, ita ta zuba biyu. Za su je gasar nahiya karon farko a tarihinsu. Ashe ma ba sa buƙatarta.

Baban Bilqis ya ce in ci abinci. Ya ce, "Safiya, ai ba a hannunki ta faɗi ba. Tana can wata ƙasa, da likitocinsu." Na ce haka ne.

Na tura wa Nisrin saƙo. Ta buɗe. Babu amsa.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Madam Hissa, manajar kulob, ta kira ni ofis. Yau ba a kawo gahawa ba. Ta ce tana son fayil ɗin Nisrin gaba ɗaya, har da takardar da aka aika wa ƙasarsu.

Duk sanda ƙasa ta kira 'yar wasa, sai kulob ya aika takardar cewa lafiyarta ƙalau. Ni nake rubutawa, likita ya sa hannu a ƙasa. Likitanmu yana hutu a lokacin. Wanda ya riƙe masa aiki a tsaye ya sa hannu, makullin motarsa a ɗaya hannun.

Ta ce, "Safiya, akwai abin da ya kamata in sani?"

Na ce duk abin da na rubuta yana cikin fayil. Ban yi ƙarya ba.

Ta ce kada in ambaci sunan kulob ko na ƙasar ga kowa sai an gama bincike. To, ko a littafin nan ba zan ambata ba. Su riƙe sunayensu.

Mako uku da suka wuce matar nan kullum tana bakin ƙofar ɗakin gashi. "Nisrin za ta tafi ko? Yalla, a hanzarta, muna so sunanmu ya fito a talabijin." Yau ta manta.

Talata, 29 ga Oktoba, da hantsi

Babu amsa.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

An dawo da ita jiya, kai tsaye asibiti. A bakin 'yan wasa na ji. Na shiga ɗakin canza kaya suka yi shiru gaba ɗaya, sai ƙarar famfo.

Ba wadda ta zo gashi yau. Na zauna ina kallon gadon. A kan gadon nan na san Nisrin, don mutum idan ya kwanta ana murza masa ƙafa bakinsa ba ya rufuwa. Garinsu a bakin teku yake, babanta masunci ne. Tana shekara goma sha biyar ta shiga kulob ɗin garin, suna atisaye a filin makarantar firamare bayan an tashi ɗalibai. Tana goma sha bakwai ta ci wa ƙasarta ƙwallon farko, da ka, hanci yana jini. Ta yi shekara biyu a Turkiyya, ta ce sanyi da kaɗaici suka koro ta. Ta zo Doha a watan da na fara aiki. Sau uku tana fin kowa cin ƙwallo a gasar nan. Ƙwallo arba'in da tara ta ci wa ƙasarta, kuma za ta iya lissafa maka kowace, da minti, da ƙafar da ta buga.

Shekararta talatin da uku. Gwiwar kuwa ta kai sittin. Ni na san gwiwar nan fiye da yadda na san tawa. Na san inda take kumbura, na san ƙarar da take yi idan an yi sanyi. Tana ce mini, "Safi, ke ce mai wannan ƙafar, ni aro nake yi."

Mai ƙafa ta tura saƙo bakwai. Babu amsa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Yau aka yi mata aikin. Na san abin da likitan zai gani idan ya buɗe.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ya gani. Ya rubuta cewa jijiyar ta riga ta fara tsagewa makonni kafin wasan, akwai tsohon tabo, kuma duk wanda ya duba gwiwar da hannu ya kamata ya ji ta yi sako-sako.

An dakatar da ni. Madam Hissa ba ta fito ba, sakatariyarta ta karɓi katin shiga da makullin ɗakin gashi. Ta ba ni kwali in zuba kayana. Kwalin ruwan gora ne, gindinsa a jiƙe. Na zuba dadduma, da kofi, da hoton Bilqis, da takalmin da nake shiga fili da shi. Shekara shida, kwalin bai ma cika ba.

Za a zauna a kaina ran sha tara ga wata. Da mutumin hukumar da ke ba mu lasisi.

Na tuƙo zuwa Mesaimeer na wuce kwanar gidanmu sau biyu.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan magariba

Bilqis ta dawo daga atisayen ƙananan 'yan mata tun kafin lokacin tashi. Ta shige ɗaki. Na bi ta, na tarar ta zauna a ƙasa da takalmin a ƙafarta.

Ta ce wata yarinya ta ce mata, "Mamanki ce ta karya Nisrin." Ta ce ta ture yarinyar, koci ta kore su duka biyun.

Ta ɗago ta ce, "Umma, ƙarya ne ai ko?"

Na ce, "Cire takalmin nan, kin ɓata mini kafet."

Shekararta goma sha uku. Ta kalle ni yadda ba ta taɓa kallona ba, ta cire takalmin a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

A rukunin matan Nijeriya na waya an fara turo mini "Allah ya kyauta". Ban gaya wa kowa komai ba. Har da masu tambayar ko gaskiya ne za a mayar da mu gida. Su kwantar da hankalinsu, iƙamarmu, takardar izinin zama, a kan aikin Baban Bilqis take. Za su ci gaba da ganina a wurin suna, su sami abin kallo.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Baban Bilqis ya matsa sai mun fita. Muka je Asian Town wai zai sayi cajar waya. Jama'a kamar ranar idi, duk ma'aikata sun fito hutu. Ina tsaye a gefen mai shayin karak sai na ji an ce, "Hajiya, barka da Juma'a."

Malam Sabo ne, direban kulob, mutumin Daura. Ya cire hula ya mayar, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya jira Baban Bilqis ya shiga shago sannan ya matso.

Ya ce, "Hajiya, ni fa na kai ku ranar nan. Ƙaramin asibitin nan na Al Asmakh. Ina jin Larabci, kin sani. Na ji duk abin da ta ce miki a bayan mota da za mu dawo. Idan ana son shaida, wallahi zan tsaya."

Na ce, "Malam Sabo, wa ke riƙe da takardunka?"

Kamfanin da ke ba kulob direbobi ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan. Waya ɗaya Madam Hissa za ta buga.

Na ce, "'Ya'yanka nawa a gida?"

Ya ce shida.

Na ce, "To ba ka ji komai ba. Rediyo kake saurare."

Ya ce shi ya ɗauko ta daga filin jirgi ranar da aka dawo da ita. Na kasa daurewa, na ce, "Ta tambaye ni?"

Ya sake gyara hula. Ya ce, "Tana cikin ciwo sosai, Hajiya."

Mutumin kirki. Ko ƙaryar bai iya ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da rana

Na wanke labulaye duka. Ba su yi datti ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Ta yi magana. Ba da ni ba, da wata tashar ƙasarsu, daga gadon asibiti, da furanni a bayanta. Ta yafa farin mayafi, ta rame, ta yi kyau.

Aka tambaye ta ko ta san gwiwar ba lafiya. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ni 'yar wasa ce, ba likita ba. Na amince da waɗanda suka ce mini lafiyata ƙalau."

Na amince da waɗanda suka ce mini.

Na amince da waɗanda suka ce mini.

Ni na riƙe mata kai tana amai a bas ranar da zazzaɓi ya kama ta a hanyar Al Khor. A gidan nan ta sha ruwa azumi uku a jere, ta koyi cin tuwo da hannu, tana cewa miyar kuka kamar ciyawar fili. Ranar da mahaifiyarta ta rasu ni na haɗa mata akwati. Yau na zama "waɗanda".

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan asuba

Na gaya wa Baban Bilqis jiya da ya dawo daga aiki. Duka. Tunda na faɗa da baki, bari in rubuta sau ɗaya.

Ran goma ga Oktoba na ji gwiwar ta yi sako-sako a hannuna. Na ce sai an ɗauki hoto. Ta roƙe ni kada a yi a asibitin kulob, don zai shiga fayil. Muka je Al Asmakh. Hoton ya nuna jijiyar ta tsage rabi. Na ce mata wata uku ba ƙwallo. Ta yi kuka tun daga can har gidanta. Washegari ta turo mini saƙon murya.

Na kunna masa. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. "Safi, na ga hoton, na san abin da ke ciki. Wasa ɗaya ne. Shekara goma sha shida nake jiran wasan nan. Ki rubuta lafiya ƙalau. Ki ɗaure mini ita yadda kika iya. In ta tsinke, ta tsinke a kaina, wallahi ba zan taɓa kiran sunanki ba."

Ta cika alkawari. Ba ta kira sunana ba.

Mijina Aminullahi injiniya ne, a wurin aikinsu idan bututu ya tsage ba a tambayarsa ko yana so ya huta. Ya ce, "Kin rubuta?"

Na ce na rubuta.

Ya ce, "Innalillahi. Safiya, ke?"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Can ya ce in kunna wa kwamitin da zai zauna a kaina saƙon. Na ce amana ce. Ya ce, "Amanar da ta ci a talabijin? 'Yarki ba ta iya fita atisaye. Ki kunna musu, su san ba ke kaɗai ba ce."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na iya wannan.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Na rubuta mata: "Ran Talata za a zauna. Ki faɗa musu da bakinki." Ta buɗe. Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa, ta tsaya.

Babu amsa.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

An fara sanyi. Gwiwar za ta dame ta da safe. Ina ruwana.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Wata daga cikin 'yan wasan, mai tsaron gida, ta kira ni a ɓoye tana tambayar yadda za ta ɗaure wuyan hannunta. A cikin hira ta ce kulob ya yi wa Nisrin alkawarin horar da ƙananan 'yan mata idan ta warke, kuma ƙasarsu za ta tafi da ita gasar a matsayin kyaftin ta girmamawa, ta zauna a benci da rigarta. Za a yi mata bikin ban kwana a fili.

Shi ya sa ke nan. Yanzu na gane shirun. Wadda aka yaudara ana yi mata biki. Wadda ta ɓoye ciwo ta yaudari ƙasarta ba a yi mata.

Ita za ta horar da Bilqis ke nan.

Na saurari saƙon sau huɗu yau.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Mutum uku a bayan tebur: Madam Hissa, lauyan kulob, da wani dattijon likita daga hukumar lasisi. An sa na'urar sanyi kamar za a ajiye nama. A bango ga babban allo, ga Nisrin a ciki daga gidanta, ƙafar a miƙe kan matashi. Rabona da ganin fuskarta tana kallona tun ranar da na ɗaure mata gwiwar za ta tafi filin jirgi. Yau ma ba ni take kallo ba, wani wuri take kallo a gefen kyamara.

Na shiga da niyyar ba zan kunna ba. Allah ya sani. Na yi alwala na fito da wannan niyyar.

Dattijon ya tambaye ni ko na ji gwiwar ta yi sako-sako. Na ce na ji. Ko an ɗauki hoto. Na ce an ɗauka, na faɗi inda. Madam Hissa ta dafe ƙirji kamar yau ta fara jin kalmar hoto. Ko ta sani, ko ba ta sani ba, har yanzu ban san gaskiyarta ba. Abin da na sani, ba ta taɓa tambayata dalilin da ya sa Nisrin ta daina atisayen juyi mako biyu ba.

Sai lauyan ya juya wajen allo ya ce, "Kyaftin, an nuna miki hoton nan?"

Ta ce, "An ce mini kumburi ne kawai."

A hankali ta faɗa. Da irin muryar da take cewa "Safi, a nan, ƙasa kaɗan."

Ban san sanda wayar ta fito daga jaka ba. Na ɗora ta a tebur na danna. Muryarta ta cika ɗakin, da kukan, da jan hancin, da wallahin. Ina kallon allon. A wajen "na san abin da ke ciki" ta rufe ido. A wajen "ba zan taɓa kiran sunanki ba" ta miƙa hannu, allon ya yi baƙi.

Na ji daɗi. Zan rubuta wannan ma. Na ji daɗi har cikin ƙashina, na kamar daƙiƙa goma.

Dattijon ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Mun gode, Malama Safiya. Wannan ya nuna ta sani." Ya mayar da tabarau. "Ya kuma nuna kin sani. Da muna tunanin kuskure ne."

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Kulob ya sallame ni. Hukuma ta janye lasisina na shekara biyu.

Baban Bilqis ya karanta takardar a tsaye, ya ninke, ya ce, "Ni na ce ki kunna." Na ce ba shi ya rubuta lafiya ƙalau ba. Ya tafi aiki bai karya ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na zaunar da Bilqis na gaya mata. Ban rage ba, ban ƙara ba. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "To me ya sa kika rubuta?"

Na ce saboda ina son ta.

Ta ce, "Da ni ce fa?"

Na ce da ke ce da na kulle ki a ɗaki.

Ta ce, "To ai ke nan ba kya son ta sosai." Ta tashi ta tafi wanke kwanuka ba tare da na sa ta ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da rana

An janye wa Nisrin aikin horarwar. Ƙasarsu ta fitar da sunayen masu tafiya, babu nata. Ba biki. An cire hotonta daga ƙofar kulob, in ji mai tsaron gida, an bar ƙusoshin.

Likitan da ya sa hannu a tsaye yana nan a aikinsa. Madam Hissa tana nan. Yarinyar da ta ci biyu an ba ta lamba tara.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da safe

Hannuwana ba su san abin da za su yi ba. Na kama kaina ina murza hannun kujera.

Asabar, 30 ga Nuwamba, kafin magariba

Ta zo.

Baban Bilqis ya kai Bilqis shago, ni kaɗai ce. Na ji ana buga ƙofa da wani abu mai nauyi. Na buɗe, ga ta da sanduna biyu, gumi ya jiƙa mata mayafi. Hawa biyu muke, gidan ba lifta. Ita kaɗai ta hau, tasi yana jiranta a ƙasa.

Na matsa ta shiga. Ta zauna a kujerar da ta saba zama. Ban kawo ruwa ba, sai daga baya na tashi na kawo, don ba a yi mini tarbiyyar hana baƙo ruwa ba.

Ta ce, "Ban zo neman gafara ba."

Na ce, "Ban ce ki nema ba."

Ta sha ruwan duka. Ta ce, "Kowa to yake ce mini. Koci, Hissa, har babana. Tun ina goma sha bakwai. Ke kaɗai aka ɗauka aiki don ki ce mini a'a."

Na ce, "Kin yi kuka, Nisrin."

Ta ce, "Ina yi wa alƙalin wasa kuka ma. Ba ya ba ni fenareti."

Na ce, "Kin ce in ta tsinke ta tsinke a kanki."

Ta ce, "Na faɗa. Da ta tsinke sai na ga ba zan iya ɗauka ba." Ta juya kofin a hannunta. "Ke fa? Kin san saƙon ba zai cece ki ba. Ba wawuya ba ce ke."

Na so in ce don Bilqis na yi. Na so in ce don gaskiya. Na ce, "Na so in ga fuskarki."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Kin gani. Khalas, shi ke nan."

Ta ajiye kofin. Ran Alhamis za ta koma garinsu, gidan babanta. Ta ce akwai filin makarantar nan har yanzu, amma an zuba masa siminti.

Sai ta ja ƙafar wandon sama. Mako huɗu da aiki, ya kamata a ce gwiwar tana lanƙwasuwa rabi. Ko kusa ba ta kai ba. Cinyar ta zube, kumburin ya taru a sama inda ya saba taruwa. Ta ce sabon mai gashin tsoronta yake ji, da ta ce wash sai ya saki. Idan aka ƙara wata ɗaya a haka, da ɗingishi za ta ƙare rayuwarta. Ta sani, na sani.

Ta ce, "Safi. Taɓa kawai ki ji. Ba wanda zai sani."

Hannuna har ya tashi daga cinyata. Na san daidai inda zan sa babban yatsa. Na mayar da shi, na danne da ɗayan.

Na ce, "A'a."

Ta kalle ni da kyau, karon farko tun Oktoba. Na yago takarda na rubuta mata sunan Dakta Khadijat, 'yar ajinmu a Zariya da ke aiki a wani asibiti a nan, da lambarta. Na ce ta je gobe da safe, ta ce ni na turo ta, kuma ta ɗaga tafiyar Alhamis. Na ce Khadijat ba ta jin kuka. Ta karɓa ta cusa a aljihu ba ta duba ba.

Ba mu yi sallama ba. Na tsaya a bakin ƙofa tana dogara sanduna zuwa matakala. Ta kai bakin matakin farko, sai na ga ta ɗaga ƙafar dama, mai lafiyar, za ta fara sauka da ita, ta bar duk nauyinta a kan wadda aka yanka. Mako huɗu ba wanda ya koya mata ko wannan.

Na yi niyyar rufe ƙofa. Sai na ji muryata ta cika benen, da irin tsawar da nake yi a bakin fili. "Mai ciwon ke fara sauka! Sanda tukuna, sannan ta hagu!"

Ba ta juyo ba. Ta tsaya. Ta janye ta dama, ta sauke sandunan, ta bi su da ta hagu. Na tsaya ina sauraro, sanda, ƙafa, ƙafa, sanda, ƙafa, ƙafa, hawa biyu, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba har ƙofar waje ta rufe.